Kafin mu yi faɗa kan alade, a kai yaranmu kwata su ga zuciya

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ya aiki, ya haƙuri da mu. Ni mai karanta jaridarku ne ta waya daga nan Garwa, arewacin Kamaru, ban taɓa rubuto muku ba sai yau, kuma abun da ya sa na zauna nake ta danne-dannen nan wata rigima ce da ta tashi a gidanmu wadda na san ba a gidanmu kaɗai za ta tsaya ba.

Ɗiyar wana ce ta ci bak ɗinta, wato jarrabawar gama sakandare, seri D na kimiyya, ta samu shiga jami'a ɓangaren kimiyyar halittu, burinta tun tana ƙarama likitanci, ko na mutane ko na dabbobi duk wanda Allah ya ba ta. Wata biyu da fara karatu sai ga ta wata Juma'a da jakarta wai ta fasa. Lafiya? Wai malaminsu ya sa musu bidiyo, ɗalibai a Amurka sun kwantar da ɗan tayin alade a faranti sun ɗaure ƙafafunsa da zare suna tsaga cikin, ya ce su shirya su ma za su iya haɗuwa da irin wannan a tepe, wato darasin gwaji da hannu. Ta ɗauko hoton ta jefa a gurup ɗin gida na WhatsApp. Kai Malam Edita, gurup ya kama da wuta. Goggonmu ta Marwa ta turo murya ta minti bakwai wai dama ta sha faɗa ƙarshen boko kenan, ƙanena da ke Yawunde ya ce ƙauyanci ne ta je ta yi kawai, uban yarinya kuwa ya yi gum, shi tunaninsa na kan kuɗin rajista da hayar ɗakin da ya riga ya biya.

Ni ɗan mahauta ne. Fawa ce ta kawo kakanmu ƙasar nan, babanmu a kwata ya tsufa, ni na yi lekol har terminal, ajin ƙarshe na sakandare, sannan na dawo kan sana'ar gida, kilishi nake yi ina aikawa kudu. Saboda haka ban shiga surutun gurup ba, kiran ta na yi na mata tambaya ɗaya tak. Na ce ɗiyata, tun daga siziyem (ajin farko na sakandare) har kika ci bak, shekara bakwai kina SVT (darasin kimiyyar halittu da ƙasa), kin taɓa riƙe zuciyar dabba a hannunki kin buɗe kin duba cikinta? Ta ce a'a Baffa, zana mana ake a allo da jan alli da shuɗi mu kwafa mu haddace. Na ce to da Sallah wa ke wanke kayan ciki a gidanku? Ta ce ni ce. Wallahi nan jikina ya yi sanyi. Yarinya duk shekara hannunta cikin hanta da huhu da saifa da ƙoda, ta ci jarrabawa a kansu da Faransanci, amma ba wanda ya taɓa ce mata abun da ke cikin roba a tsakar gida shi ne dai abun da ke kan allo. Wannan ne ya dame ni, ya fi maganar aladen damuna nesa ba kusa ba.

Washegari bayan asuba na ɗora ta a bayan moto muka tafi kwata. Akwai wani dattijo da ya yi aiki da babanmu, Baba muke ce masa, ko harafi ɗaya na boko bai sani ba amma in ya ɗora hannu a bayan sa zai gaya maka naman da zai fita. Na ce Baba ga jikarka na kawo maka makaranta. Ya yi dariya ya ce to ta naɗe hannun riga.

An yanka wani rago, likitan duba nama ya gama nasa ya buga hatimi, Baba ya zaro maƙogwaro da huhu da zuciya a haɗe yadda suke fitowa, ya zura tiyo a maƙogwaron ya sa yaronsa ya hura da famfon keke. (Da baki muke hurawa muna yara, kar kowa ya gwada, akwai tarin fuka a dabbobi kuma yana kama mutum.) Huhun nan da yake a yamutse kamar tsumma sai ya tashi, ɓangare bayan ɓangare, ya koma ruwan hoda mai haske, aka zare tiyo ya sace da kansa. Yarinya ta ce a sake. Sau huɗu aka sake. Sannan ya nuna mata faffaɗan naman nan mai fari-fari a tsakiya da ya raba ƙirji da ciki, ta ce shi ne diyafaram, shi ke yin ƙasa iska ta shiga, kuma dabbobi masu shayarwa kaɗai ke da irinsa, kaza ba ta da shi, ƙadangare ba shi da shi. Baba ya ce shi dai ya san in wuƙa ta huda shi wajen fiɗa an yi ɓarna.

Zuciyar ce ta fi ɗaukar mana lokaci. Ya raba ta biyu ya ce ta sa yatsa ta ji, bango ɗaya siriri ɗaya kuma kauri ya ninka shi har fiye. Ta yi shiru can ta ce Baffa na gane, siririn huhu kawai yake tura jini, ga shi nan kusa, mai kaurin shi ke tura wa har ƙofato. Ta ce ta rubuta wannan a jarrabawa ta ci maki, amma sai yau ta san dalili. Ta ga ɗakuna huɗun, ta ga fararen zaruruwan nan da ke riƙe da ƙofofin kamar igiyar laima don kar jini ya koma baya, muka zuba ruwa ta sama ƙofar ta rufe a gaban idonmu. Ta bi bangon da ya raba dama da hagu da yatsa tana neman huda, babu. Ita ce ma ta ba mu labarin cewa sama da shekara dubu likitoci sun yarda akwai ƙananan hudoji a wannan bangon da ido ba ya gani, saboda Jalinus babban likitan zamanin Rumawa ya faɗa, sai da Ibnun Nafis, wanda ya yi aiki a Alƙahira ya rasu a 1288, ya ce babu wata huda, jini sai ya bi ta huhu sannan ya dawo hagu. Bature William Harvey na Ingila sai a 1628 ya fito da cikakken bayanin zagayawar jini. Baba ya ce to ai da sun zo kwata da an huta. Ya kuma ɗauko zuciyar wani tsohon sa ya tona mata ɗan ƙashin da ke cikinta, wannan kam ta ce ba a taɓa gaya musu ba.

Muka koma kan ƙashi. Ta ƙirga gaɓoɓin wuyan rago, bakwai. Ta ce nata ma bakwai, na alade bakwai, na ɓera bakwai, raƙumin dawan da ke Waza da duk tsawon wuyan nan nasa shi ma bakwai ne, kowace gaɓa ce ta yi tsawo. Mahautan da suka taru a kanmu suka ce ƙarya ne, har da mai rantsuwa. Ta ƙirga haƙarƙari, 13 kowane gefe, na mutum 12, na doki 18. Lakar da ke bi ta cikin ƙashin baya har ƙwaƙwalwa, wadda muke zarewa mu yar ko mu ba yara, ta riƙe ta kamar ta samu zinariya. Tsarin ginin dai ɗaya ne, ƙashin baya a tsakiya, kai a gaba, gaɓoɓi huɗu, ƙirji a sama ciki a ƙasa, sai dai kowa da inda aka ƙara masa da inda aka rage.

To amma fa in faɗi gaskiya, don kar a ce ɗan mahauta yana tallan hajarsa ne. Da aka zo tumbi sai rago ya rabu da mu. Cikin rago da akuya da saniya ɗaki huɗu ne, ga babban tumbin mai kama da tawul, ga mai kama da saƙar zuma, ga mai shafi-shafi kamar littafi, sannan na ƙarshe mai santsi wanda shi kaɗai ne ya yi kama da namu. Dabbar tuƙa ce, ta haɗiye ciyawa ƙananan halittun da ido ba ya gani su dafa mata a tumbi ta dawo da ita baki ta sake taunawa, ko haƙoran gaba na sama ba ta da su. Hanjin rago ya haura mita 20, na mutum bai kai rabin haka ba, wajen mita 7 ne. Ƙodar saniya kuwa ƙulli-ƙulli take, ba ta yi kama da tamu ba ko kaɗan. Af, a tumbin ragon nan sai da Baba ya zaro dunƙulen baƙar leda ya kai girman kan jariri, ya murɗe da igiya da tsumma, ledar da aka ce an hana tun 2014, amma wannan wasiƙa ce ta daban.

Nan ne na gane, kuma nake so 'yan uwana su gane, cewa Turawa ba don tsokana ko son ƙazanta suka zaɓi alade ba. Alade cikinsa ɗaya ne irin na mutum, yana cin ganye yana cin nama kamar mutum, zuciyarsa kusan girman tamu ce, ƙodarsa in ka tsaga ta tsarin cikinta irin namu ne, fatarsa ma haka, har igiyar cibiyar ɗan tayinsa hanyoyin jini uku ne kamar ta jaririn mutum alhali ta ɗan maraƙi huɗu ce. Ga araha, tunda a can mayankarsu ake samun 'yan tayin a cikin uwayen da aka yanka, alade kuma ba ɗaya take haifa ba, cikinta kwana 114 ne kacal ta zubo goma ko fiye. Sai a jiƙa su a formol, ruwan maganin hana ruɓewa, a ɗura jan roba a jijiyoyin da ke fita daga zuciya, shuɗi a masu komawa, ɗalibi ya bi su da ido kamar hanyar mota a taswira. Wannan kamannin ne ya sa aka daɗe ana sa wa masu ciwon zuciya ƙofar zuciyar alade, ya sa shekaru da yawa insulin ɗin masu ciwon suga daga alade da shanu ake samo shi kafin a koyi haɗa shi a masana'anta, kuma a Janairun 2022 a Maryland ta Amurka aka dasa wa wani mutum zuciyar alade sukutum wadda aka sauya wa ƙwayoyin gado, ya yi kamar wata biyu da ita kafin ya rasu. Ko muna so ko ba ma so likitan da zai duba mu gobe sai ya san waɗannan.

Shi ma aladen ba mutum ba ne, kar a ɗauka. Haƙoransa 44 namu 32, haƙarƙarinsa ya fi namu yawa, babban hanjinsa a naɗe yake kamar gammo, mahaifar macen ƙaho biyu ce dogaye. Shi Jalinus ɗin da na ambata, a zamaninsa ba a yarda a tsaga gawar mutum ba, birai da aladu da shanu ya dinga fiɗewa yana ɗora abun da ya gani a kan mutum, wani wurin ya dace wani wurin ya kauce. A kan alade mai rai ma ya nuna wa mutanen Rum cewa ƙwaƙwalwa ke sarrafa murya, yana ɗaure wata jijiya a wuya ihun ya ɗauke ɗif. Amma shi ne kuma ya ce muƙamuƙin mutum na ƙasa ƙashi biyu ne da suka haɗu a haɓa. Duk wanda ya taɓa fasa kan rago ya san daga inda ya samo wannan, na rago haka yake, kana ɓanɓarawa ya rabe biyu. Sai wajen shekara ta 1200 da aka yi wata muguwar yunwa a Masar, wani malami Abdullaɗif Albagdadi ya je ya duba tarin ƙasusuwan waɗanda suka mutu, ya ga muƙamuƙin mutum ƙashi ɗaya ne, ya ce abun da ido ya gani ya fi maganar Jalinus komai girmansa. Gani ya kori ji kenan tun wancan zamani, kuma malamin musulmi ne ya faɗa, mu kuma yau muna nan yaranmu na haddace zanen alli.

Maganar addini ba zan yi shisshigi ba, fatawa ta malamai ce. Cin naman alade haramun ne, yana nan a Baƙara aya ta 173, ba mai ja. Abun da muka karanta a zaure kuma shi ne a mazhabarmu ta Malikiyya duk mai rai mai tsarki ne har kare da alade, mushe kuwa najasa ne, najasa kuma wanke ta ake. Mu mahauta kullum cikin jini da kashin tumbi muke, mu wanke mu canja kaya mu bi jam'i. Abun da nake roƙo wajen malamanmu shi ne in ɗalibi ya zo da tambayar nan a zauna a ji yadda aikin yake, da safar hannu ake yi, ba ci ake ba, ba sayarwa ake ba, sannan a ba shi amsa da ilimi. Kar a kore shi da tsawa, don tsawar nan ce ke sa yaro ko dai ya bar karatun ko ya daina tambayar malamai gaba ɗaya, duka biyun kuma asararmu ce.

Sannan mu tuna inda muke zaune. Nan ba Kano ba ce. Maƙwabtanmu Tupuri da Masa da Mundang wajen Yaguwa da Kayle kiwon alade sana'arsu ce ta gaske, mota-mota ake lodawa zuwa kudu, haka ma ƙetaren Logon a kudancin Cadi. Yaronmu in ya fito daga makarantar likitan dabbobi ta Ngaundere gwamnati ba za ta tambaye shi wace dabba yake so ba, inda aka tura shi nan zai je. Kuma akwai wata tsutsar ciki ta alade da mutane da yawa ba su san hatsarinta ba, wanda ya ci naman da bai dahu ba ita ke zama a hanjinsa, ƙwanta ya fita ta bayan gida, in ya shiga ruwa ko ganyen salak ko hannun mai abinci, wanda ya haɗiye shi ko bai taɓa ganin alade ba tana iya zuwa ta zauna masa a ƙwaƙwalwa ta sa masa farfaɗiya. Mu sai mu ce iska ce a yi ta hayaƙi. To wa zai gano wannan in duk 'ya'yanmu sun gudu daga ajin ranar da aka ambaci sunan dabbar?

Kafin mu bar kwata wani abu ya faru da ban shirya ba. An yanka wata saniya ashe da ciki, abun da ke faruwa kusan kullum kuma abun kunya ne a gare mu mahauta, asara ce babba. Ɗan tayin ya kai girman kyanwa, za a jefa wa karnuka, yarinya ta ce Baba don Allah a ba ta. Ta karɓi wuƙa da kanta, hannu na rawa da farko, ta buɗe ƙirjin a hankali. Huhun ɗan ƙarami ne ja mai tauri kamar hanta. Ta yanki ɗan guntu ta jefa a bokitin ruwa ya nutse, ta yanki na ragon ɗazu ta jefa ya taso yana yawo a sama, ta ce wannan bai taɓa shaƙar iska ba shi ya sa. Ta buɗe 'yar zuciyar ta nuna mana wata ƙofa tsakanin ɗakunan sama biyu, ta ce ta nan jini ke zagaye huhu tunda uwa ke numfashi a madadinsa, ana haihuwa take rufewa, kuma jariran da ake cewa an haife su da huda a zuciya wasunsu irin wannan wurin ne bai rufe ba. Wani matashin mahauci da ke tsaye ya ajiye wuƙarsa ya matso, ashe ɗansa haka likita ya ce masa, shekara biyu yana jin maganar bai taɓa gane me ake nufi ba. Ya daɗe yana kallon abun nan bai ce komai ba.

Shi ya sa nake kira ga malaman SVT na lise-lisen (makarantun sakandaren) Garwa da Marwa da Kuseri har Njamena, kullum kukan ku ba labo ba kayan aiki, gaskiya ne babu, amma zuciyar rago nawa take? Idon sa nawa yake? In kuka zo kuka gaida Sarkin Fawa kuka ce don yara ne wallahi kyauta za a ba ku, har da wanda zai fiɗe muku. Garin da ke da LANAVET a Bokle inda ake haɗa allurar rigakafin dabbobi ana kaiwa ƙasashe, bai kamata a ce ɗan terminal bai taɓa ganin cikin ƙoda ba. A fara da rago da akuya da zomo tun yara na ƙanana, abun da rago ba zai nuna ba a faɗa musu gaskiya cewa ba zai nuna ba, in sun kai jami'a aka zo kan alade sun riga sun san me suke nema a ciki, wanda kuma zuciyarsa ba ta kwanta ba a ba shi wata dabbar ko ya tsaya ya kalla, ba sai an yi dambe ba. Iyaye kuma ranar layya kafin a tsoma kayan ciki a mai, minti goma kawai, a kira yaran a ce su faɗi sunan kowane da aikinsa. Mu ma mahauta mu daina korar yara da "tashi ka ba ni wuri".

Ɗiyar tawa dai ta koma ranar Lahadi, ubanta ya je ya samu limamin unguwarmu sun yi magana ta fahimta kafin ta tafi. Goggon Marwa har yanzu ba ta amsa gaisuwata a gurup. Jiya kuma yarinyar ta kira ni wai in Sallah ta zo in ajiye mata kan ragon gida kar a babbake, tana so ta buɗe ƙoƙon a hankali ta ga ƙwaƙwalwa da jijiyoyin ido yadda suka gitta. Na ce ni ba ruwana, kan rago a gidanmu na kakarta ne, da shi take langaɓunta na washegarin Sallah shekara arba'in, ta je ta roƙe ta da kanta.

Na gode Malam Edita, a gaida ma'aikata.

Naku,
Wani ɗan mahauta mai kilishi,
Garwa, Kamaru.